Tifet, zafin Zariya, da tarwaɗar da ta gudu da ƙwarona

Wata Asabar ce cikin watan Mayu, an kwana ana tafka ruwa irin na farkon damina, shinge ya fito ya cika ko ina har ƙarƙashin fitilar ƙofar gidanmu yara na ta tsinta a kwano. Ina idar da sallar asuba ko karyawa ban tsaya yi ba na jefa sandata ta fatsa a mota na nufi kogin Galma ta wajen Dakace, don na san ranar duk wani abu mai rai a cikin ruwan nan idonsa na sama. Haka kuwa aka yi. Ina isa na tarar fukafukan shinge sun rufe wata 'yar kwana da ruwa ke juyawa a hankali, kawara sai tsalle suke, can gefe kuma wani baƙin abu yana ɗago baki yana zuƙar shingen kamar mai kurɓar koko. Na ɗaura ƙwaron da na haɗa da gashin zabo na wurga, a jifa na biyu ta ɗauka. Tarwaɗa ce kuma ba ƙarama ba wallahi, na ga bayanta da idona. Ko daƙiƙa biyar ba a yi ba na ji sanda ta miƙe, hannuna sakayau. Na jawo zaren na duba bakinsa, ba a ƙulli ya tsinke ba, a tsakiya ya rabu kamar an sa masa reza.

Akwai wani dattijo masunci da muka saba haɗuwa a wurin, yana zaune yana ɗinkin birginsa yana kallon komai. Ya ce, "Malam, zaren naka na Turai ne ya yi haka?" Na ce, "Shi ne Baba." Ya ce, "To ni da na Sabon Gari nake fito da uwarta ma." Ya ci gaba da ɗinkinsa yana dariya ƙasa ƙasa.

Haushi ya sa na zaro kwarkwaron zaren, wato tifet ɗina, daga aljihu na warwaro kamu ɗaya na naɗa a yatsu na ja, ya tsinke kamar taliyar da ba a dafa ba. Na sake, haka. A jikinsa an rubuta zai ɗauki kusan kilo 4. Sai a lokacin na tuna tun watan Fabrairu kwarkwaron nan yake cikin aljihun dashbod, wato duk zafin Maris da Afrilu a cikin motar da ke wuni a rana a Samaru ya sha shi. Mai laifi dai ga shi nan riƙe da sanda.

Na san da yawa ba su ma san me nake nufi da tifet ba, don wannan irin fatsar ba a saba ganinta a nan ba, mutane kan tsaya a kan gada suna kallona suna zaton bulala nake koyo. Na koyo ta ne lokacin da na je karatu Stirling a Sukotland, wajen wani tsoho maƙwabcina da ya ga ina zaman kaɗaici ran Asabar ya ce in raka shi. A fatsarmu ta gida tana kake sa wa ƙugiya, ka ɗaura dalma ko ɗan dutse, nauyin nan shi ke jan zare ya tafi. A wannan kuwa ƙwaron bogi ne da aka naɗa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin komai, in ka jefa shi da hannu a gabanka zai faɗi. Don haka nauyin yana jikin igiyar ne, wata igiya mai kauri mai rufin roba, ita kake kaɗawa a iska ta kai ƙwaron inda kake so. To kifi ba wawa ba ne da zai ci ƙwaro ɗaure da igiya mai kaurin tsinken ashana, shi ya sa ake haɗa mata wani farin zare mai suna lida, yawanci ƙafa 9 wato wajen mita 2.7, gindinsa da kauri yana sirancewa har baki. Ɗan guntun ƙarshe da ake ƙarawa a bakin lidar, wanda ƙwaro ke ɗaure a jikinsa, shi ne tifet. Kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, a ɗan kwarkwaro ake sayar da shi, galibi mita 30.

Amfaninsa biyu ne a wurina. Duk sanda ka canza ƙwaro sai ka ci ɗan yatsa guda na zare, in a jikin lida kake yanka kafin la'asar ka cinye siririn bakin ka iso wurin kauri, lidar ta tashi aiki, ga ta da tsada ga ba a samunta a nan sai wani zai dawo daga waje. Na biyu kuma da gangan ake so ya zama shi ne mafi rauni a duk kayan. In ƙugiya ta maƙale a saiwa ko kifi ya fi ƙarfinka gara a nan ya tsinke ka yi asarar ƙwaro ɗaya, da a ce igiyar ce ta tafi ko sanda ta karye. Sai dai fa raunin da kai ka zaɓa kuma ka san iyakarsa, ba wanda rana ta zaɓa maka a dashbod ba.

Lambobin jikinsa ne suka fi rikita mutane, ni ma sun rikita ni da farko. Za ka ga 0X, 3X, 5X, 7X, kuma abin a juye yake, yadda lamba ke hawa haka zaren ke sirancewa. Lissafin ba wuya, ka cire lambar daga 11, abin da ya rage shi ne kaurin a kashi dubu na inci. 3X kenan 0.008 na inci, 5X kuma 0.006. Mu da muka fi sabawa da milimita, 0X ya kama wajen 0.28, 2X wajen 0.23, 3X 0.20, 4X 0.18, 5X 0.15, 6X 0.13, 7X kuma 0.10, shi wannan kusan gashin kai ne. Abin lura, X ɗin kauri yake faɗa ba ƙarfi ba. 5X na nailan ɗin zamani zai ɗauki kilo 2 ko ɗan sama, 3X tsakanin 3 da rabi zuwa 4, 0X ya doshi 7, amma kamfani biyu za su iya yin 4X ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi.

Asalin X ɗin ma abin dariya ne. Kafin nailan da jijiyar tsutsar siliki ake yi, a jiƙa tsutsar a ruwan tsami a ja ƙullutun da take yin silikin da shi ya miƙe ya bushe, yankin Murcia a Sifen ya yi suna a wannan sana'a. In ana son ya ƙara siranta sai a zura shi ta ramukan wani farantin ƙarfe yana kankare shi, ana ƙirga sau nawa aka zura, daga nan lambar ta samo asali. Nailan sai a 1935 aka ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka, zuwa 1939 aka fara sayar da zaren kamun kifi da shi, amma lambar tsutsa ta zauna har yau.

Sanin milimitar nan shi ya 'yantar da ni gaskiya. Da ina ganin in ba kwarkwaro mai X a jiki ba to ba tifet ba ne, in ya ƙare sai in zauna jiran mai zuwa daga Ingila. Bayan maganar Baba na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan su na sayo zaren fatsa na 0.20 da 0.25 da 0.30, kuɗin duka ukun bai kai rabin na kwarkwaro ɗaya na waje ba, kuma kowanne ya ninka shi tsawo. Wani abokina mai koyar da aikin injiniya ya auna min da maikuromita, na'urar auna kauri, biyu sun yi daidai, ɗaya an rubuta 0.25 amma ya kusa 0.30. Ban ji haushi ba na goge na rubuta gaskiyar da alƙalamin maka. Ba zan ce ingancinsu ɗaya da na waje ba, na wajen ya fi ƙarfi a kauri ɗaya kuma ya fi laushi, na kasuwar yana da taurin kai yana fitowa a nannaɗe kamar sifirin. Amma a jan ruwan damina wa ke gani? Abin da nake dubawa kawai in zan saya, kar a ba ni wanda aka rataye a bakin shago rana na dukansa, in ce a zaro min daga cikin kwali.

Akwai wata ƙa'ida da tsohon nan na Stirling ya koya min, ka raba lambar ƙugiya gida 3, abin da ya fito shi ne X ɗinka. Ƙugiya mai lamba 12 ta tafi da 4X, mai 18 da 6X, mai 6 da 2X, ita ma ƙugiya babbar lamba ƙaramar ƙugiya ce. Ƙa'idar tana da dalili. In ka ɗaura babban ƙwaro mai gashi buzu buzu a siririn zare, a iska zai riƙa juyawa kamar farfela ya murɗe zaren ya zama kamar tsirkiya, kuma ba zai miƙe ya sauka gaba ba sai ya faɗo a tare wuri ɗaya. In kuma ƙaramin ƙwaro ka ɗaura a mai kauri, wani lokaci ma ba zai shiga kafar ƙugiyar ba, in ya shiga sai ƙwaron ya sandare ruwa ba ya wasa da shi yadda yake wasa da na gaske.

Amma dai ƙa'idar nan don kogunan Turawa aka yi ta, ruwa garau kana ƙirga tsakuwar ƙasa, kifinsu kuma ya sha ganin ƙwaron bogi har ya yi digiri. Shekarata ta farko da dawowa na yi ta ɗora wa kaina 5X da 6X a Galma saboda abin da na saba kenan, na yi ta ciyar da saiwoyi da tarwaɗa ƙwarina. Daga Yuni zuwa Satumba ruwanmu kalar shayi mai madara yake, in ka tsoma hannu zuwa gwiwa ba ka ganin yatsunka, kifi da motsi da ƙamshi yake farauta. Ga ciyawa, ga kututture, ga tsofaffin taru da suka nutse. Ga bakin tarwaɗa mai ƙananan haƙora kamar sanfefa yana cin zare a hankali, ga ƙayar gefenta mai zarto wadda in ta mirgina ta naɗe zaren a jiki shikenan. Yanzu da damina ba na sauka ƙasa da 2X, in tarwaɗa na fito nema kai tsaye 0.30 nake ɗaurawa ban damu da wata ƙa'ida ba. Kuma akwai tausayi a ciki, mai kauri yana ba ka dama ka fito da kifi da wuri, ba ka yi ta jan rai da shi har ya galabaita ba, musamman in sakinsa za ka yi.

Inda siranta ke da rana shi ne rani. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan dam ɗin Shika kan kwanta ya ɗan washe, karfasa su fito gefe wurin da ba zurfi suna shan hantsi, su kuwa akwai ido akwai tsoro, inuwar sanda kaɗai ta isa ta watsa su. A nan nake sauka 4X, in sun yi ta zuwa suna shinshina suna juyawa in koma 5X in ƙara tsawonsa ya kai mita ɗaya ko fiye, maimakon santimita 60 da na saba. Sau da yawa ma tsawon ne ke gyara lamarin ba sirantar ba, don dogon tifet yana sauka da ɗan lanƙwasa a kan ruwa, ƙwaron ya samu sakewa. Matsalar lokacin iskar hunturu ce, dogon siririn zare da iskar gabas ba sa ga maciji, sai ka zaɓi gefen da iskar za ta biyo ta bayanka.

Tsage kuma nasa daban ne. Sau ɗaya na je Kainji, 0X ɗina ya zama kamar zaren ɗinki a bakinsa, ko jijjiga ban ji ba ƙwaro ya tafi. Shi sai ka sa ɗan guntun waya mai laushi kamar tsawon tafin hannu tsakanin tifet da ƙwaro. Masu zuwa kogin Faro a Kamaru neman giwan ruwa da irin wannan sandar ma ba sa maganar X sam, zarensu ya wuce wannan lissafin.

Sai rigimar nailan da fulorokabon, wato ɗaya irin robar da ake yin zaren da ita, rigimar da in masu wannan harkar suka fara ta sai ka ce 'yan ƙwallo. Fuloro kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fito da zaren kifinsa a 1971 da sunan Seaguar. Abin da ake yabonsa da shi, yadda yake karya haske ya fi kusa da na ruwa, ruwa 1.33, fuloro wajen 1.42, nailan kuma ya haura 1.5, don haka ya fi ɓacewa a ido. Ya fi nauyi kuma, wajen 1.78 in aka gwada da ruwa, nailan 1.14, shi ya sa yake nutsewa da sauri. Ba ya shan ruwa, ya fi jure gogar dutse, hasken rana ba ya cinsa kamar yadda yake cin nailan. Kuɗinsa kuma ninki biyu ko uku.

Ni ra'ayina, maganar ɓacewa a ido a ruwan Zariya kusan asarar kuɗi ce, wata tara cikin sha biyu laka ta riga ta yi maka wannan aikin kyauta. Abin da ya sa nake ajiye kwarkwaro biyu na fuloro shi ne juriyar rana da gogayya, sai kuma in ina son ƙwaro ya sauka ƙasa wajen duwatsu. In ƙwaron sama ne kamar shinge ko fara ko ɗan mazari, nailan ne gwani, ya fi sauƙi bai cika jan ƙwaron ƙasa ba, yana da ɗan miƙewa da ke shanye fizgar farko, ƙullinsa kuma ya fi kamawa. Fuloro santsi gare shi da tauri, ƙullin da ka yi da ganganci zai zame. In ƙyallin nailan ne ya dame ka da rana tsaka, ɗebo laka a bakin ruwa ka murza masa, ƙyallin ya mutu kuma ya ɗan shige ƙarƙashin fatar ruwa. A can Turai har a kwalba ake sayar da irin wannan ƙasar, na taɓa saya da kuɗina Allah ya yafe min.

Ƙulli kuwa, in aka bi kifayen da suka tsere min ɗaya bayan ɗaya, rabi a nan suka tafi. Kuma zaren da kansa yana faɗa maka abin da ya faru in ka duba bakinsa. In ka ga ya ɗan nannaɗe kamar wutsiyar ɓera da aka murɗa, ƙullinka ne ya warware, kar ka zagi kowa. In ya yi kaushi ya yi fari fari kafin wurin tsinkewar, goga ce ta dutse ko bakin kifi. In ya rabu sumul a tsakiya, ko zaren ya mutu ko akwai ƙullin iska a wurin. Shi ƙullin iska ɗan ƙulli ne da ke ƙulla kansa kana cikin jifa, an laƙa wa iska ne kawai amma yawanci hannunka ne ya yi gaggawa, kuma zai iya cin kusan rabin ƙarfin zaren. Ƙyuya kan sa mutum ya gan shi ya ce bari in ƙara jifa ɗaya, to a wannan jifan babban ke zuwa. Yanzu duk bayan kifi ko maƙalewa sai na bi zaren da yatsu biyu, in na ji wani gargada na yanke.

Wajen haɗa tifet da lida ƙulli ɗaya nake yi, wanda Turawa ke kira na likitan tiyata. Ka jera bakunan biyu su haɗu kamar tsawon ɗani, ka lanƙwasa su tare su yi zobe, ka zura su ta ciki sau biyu, in fuloro ne ko siriri sau uku, ka jiƙa, ka kama duka bakuna huɗun ka ja a hankali lokaci ɗaya. Ko da magariba ta kawo kai ido ba ya gani sosai za ka iya yinsa. Akwai wani da ake naɗa kowane zare a jikin ɗan uwansa sau biyar, ya fi kyan gani ya fi miƙewa, amma ba ya son bambancin kauri ya wuce lamba biyu, kuma da sanyin Janairu yatsu a ƙage ba na ma gwadawa. Daga baya na samu wasu 'yan zobba na ƙarfe masu faɗin milimita 2, ka ɗaura ɗaya a bakin lida shikenan, kullum a jikin zoben kake canza tifet lidar ba ta raguwa. Lida ɗaya ta yi min damina biyu da wannan. Sai dai ka ɗaura shi tun yana jikin fil ɗin da ya zo a ciki, in ka ce sai ka ciro shi tukuna to ka yi sallama da shi, guda uku na shuka a yashin Galma.

Jiƙawar nan ba al'ada ba ce kawai, in ka ja ƙulli a bushe gogayya na haifar da zafi ya ƙona zaren daga ciki. Da yawu ake yi. Amma zaren da ya riga ya shiga ruwan dam ni ba na kai shi baki, na tofa a yatsa in shafa, ruwan da shanu da kowa ke shiga ba abin wasa ba ne. Da azumi kuwa da yawun ma ya yi wuya sai na riƙe 'yar gora a aljihu.

To ajiya, wadda ita ce ta jawo duk wannan surutun. Abu biyu ke kashe nailan, hasken rana da zafi, mu kuwa su muka fi arziki da su. A can mutum zai yi shekara biyu uku da kwarkwaro ɗaya lafiya lau, a nan in ka yi sakaci bazara ɗaya ta isa. Na fara da sa su a firij, kwana biyu uwargida ta fito da su ta ce, "Abban yara, wannan kuma wane irin magani ne kusa da kayan miyata?" Da na yi bayani ta ce firij ɗin da wuta ke zuwa masa awa nawa a rana. Ta fi ni gaskiya. Ita ce ma ta ce in sa a gwangwanin madara in ajiye bayan randa, nan ne wuri mafi sanyi a gidan ko ana zafin Afrilu, ga duhu. Kuma ya dace ta wata fuskar, don nailan na son ɗan danshi, in ya bushe ƙarau irin na hunturu sai ya yi tauri yana riƙe nannaɗewa. Da hunturu kafin in fara jifa nakan tsoma lida da tifet a ruwa minti biyar in ja su a hankali tsakanin yatsu su miƙe, kamar yadda masu jijiyar tsutsa ke jiƙa tasu a da.

Yanzu ba na fita da duka kayan. Kwarkwaro uku kawai na ranar, a aljihun ciki, ba a rataye a ƙirji kamar carbi yadda ake gani a hotuna ba, wannan gayun na ƙasar da rana ke jin kunya ne. Na kasuwa manya kuma nakan warwaro mita goma in naɗa a tsohon kwarkwaro in bar uwar a gida. Kowanne na rubuta wata da shekarar da na saya a jikinsa. Ina kuma sa masa robar gashi ta 'yata don kar ya warware a aljihu, har yanzu ba ta san inda suke tafiya ba.

Gwajin da nake yi farkon kowace damina da farkon rani ba ya buƙatar sikeli. Ledar fiya wata ɗaya santilita 50 ce, rabin kilo kenan. Na ɗaura zaren a maratayin ƙaramin bokitin roba da irin ƙullin da nake yi wa ƙugiya, ɗaya bakin na naɗa a muciya na ɗaga, yara na jefa leda ɗaya ɗaya suna ƙirgawa da ƙarfi. 5X mai rai ya kamata ya ga leda uku ya doshi ta huɗu, tunda ƙulli na cin wani abu. 3X ya kai shida. Wanda ya faɗi a rabin abin da aka rubuta masa ya zama na ɗinkin buhu. Ranar da na gwada sauran wancan na dashbod ɗin a leda ta biyu ya fashe, autana ya ce, "Abba wannan ai ko ƙadangare ba zai kama ba."

Guntayen da nake yankewa kuma ba na zubarwa a bakin ruwa, ina da tsohuwar robar magani da na huda murfinta nake cusa su. Na taɓa ganin balbela a Shika da zare naɗe a ƙafa har ya shige nama, ba lallai nawa ba ne amma ban ji daɗi ba. Nailan ma yana daɗewa kafin ya ruɓe, fuloro kuwa abin da ya sa rana ba ta cinsa a aljihunka shi ya sa ba ta cinsa a cikin ciyawa, jikokinka za su iya tarar da shi. Ga shanun Fulani da awaki na sauka shan ruwa a wurin.

Da na koma Galma bayan sati biyu na ba Baba labarin tsutsar siliki, na ƙara masa da cewa kafin ita ma da izgar doki Turawan ke yi, har wani littafin kamun kifi da aka buga a Ingila a 1496 ya yi bayanin yadda ake tufka igiya da gashin wutsiyar farin doki. Ya ajiye allurarsa ya ce, "Malam, sai da ka je Turai ka ji wannan? Mu da izga muka yi tarkon tsuntsu muna yara, mai goge ma da me yake kiɗa?" Bayan hawan Sallah na je gidan kawuna a cikin birni na roƙi mai kula da dawakinsa ya tsinko min 'yan silla daga wutsiyar wani farin ingarma, ya kalle ni kallon mai neman haɗa asiri amma ya ba ni. Silli ɗaya da ƙyar ya riƙe leda ɗaya. Na jiƙa uku na tufka su tare suka ɗauki biyu, a ta uku suka tafi. Na ɗaura ƙaramin shingen gashin zabo a irin wannan tufkar na fita da ita Asabar ɗin da ta biyo, ta kama min kawara huɗu kafin ta biyar ta tsinka ta. Baba ya karɓi sauran tufkar ya juya ta a hannu ya ce murɗin nawa ya yi sako sako, in kawo masa izgar mako mai zuwa ya nuna min yadda ake yi a cinya.